Sulallan tagulla uku na daular Rum: yaya zan gane su, kuma in wanke su ko in bar su?

SabonShiga

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar tsofaffin kuɗi. Ban daɗe da fara tara sulallan daular Rum ba, kuma a cikin wani ƙulli da na saya wanda ba a taɓa wankewa ba akwai guda uku da suka gagare ni tantancewa, duk da cewa na shafe kwanaki ina duba su da gilashin ƙara girma. Zan bayyana kowanne gwargwadon abin da idona ya iya gani, da fatan wanda ya riga ni shiga wannan harka zai haska mini.

Na farko ƙarami ne, faɗinsa milimita 17, nauyinsa giram 2.4. A fuskarsa akwai kan sarki yana kallon dama, an ɗaura masa wani abu mai kama da carbin lu'ulu'u a goshi, kuma daga rubutun da ya kewaye shi na iya karanta D N CONSTAN, sauran kuma ƙasa ta rufe. A bayansa akwai soja a tsaye yana sukar wani mutum da ke faɗowa daga kan doki, can ƙasa kuma akwai haruffa huɗu, uku na ƙarshe CON ne. Saboda haka na ɗauka na Kwanstantin Babba ne, kuma a birnin Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, aka buga shi.

Na biyu faɗinsa milimita 20 ne, nauyinsa giram 2.9, sarkin yana da gemu da kambi mai tsinaye kamar hasken rana. Na karanta cewa irin wannan kambi alamar wani nau'in sule ce mai suna dupondius, to amma sulen ya yi mini sirara ƙwarai. A bayansa akwai dabba mai kama da barewa, kuma nan ma na ga CONS.

Na uku shi ne babba, milimita 28, giram 10.3, ya side sosai. Kan sarkin yana kallon hagu ba tare da kambi ba, a baya kuma akwai mace riƙe da garkuwa tana ɗaga mashi, tsakanin manyan haruffa S da C. Abin da ya dame ni game da shi shi ne wani gari kore mai haske da ke fitowa daga wani ɗan rami a gefensa, wanda na goge sau biyu amma ya dawo.

Wani ya ba ni shawarar in jiƙa su duka a ruwan lemon tsami na kwana guda domin rubutun ya fito. Kafin in yi haka na ga ya dace in tambaya.

MaiHatimi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi daidai da ka auna su kafin ka tambaya, domin faɗi da nauyi su ne rabin amsa. Batun lemon tsami ka ajiye shi tukuna, na san akwai wadda za ta yi maka bayani a kansa fiye da ni. Ni zan tsaya a kan sulenka na farko, saboda kuskure biyu da ka yi a kansa kusan duk wanda ya fara wannan harka ya taɓa yin su.

A sulallan ƙarni na 4 kada ka fara da fuskar sarki. A ƙarni na 1 da na 2 masu sassaƙa hatimi suna zana sarki da kamanninsa na gaske, ta yadda wanda ya saba zai gane wuyan Nero ko hancin Nerva ko da rubutu ya goge gaba ɗaya. Amma daga zamanin Diyokletiyan zuwa gaba fuskokin sun koma kusan iri ɗaya, manyan idanu, daga baya kuma kai mai ɗaurin lu'ulu'u, don haka bayan sule ne yake faɗa maka zamani. Sojan da ke sukar mahayin doki yana tafiya ne da rubutun FEL TEMP REPARATIO, wato dawowar zamanin jin daɗi, kuma an fara buga wannan rubutu a shekarar 348, lokacin da birnin Rum ya cika shekara 1100 bisa lissafin Rumawa na kafa shi a shekarar 753 kafin miladiyya. Kwanstantin Babba ya rasu a shekarar 337, ka ga ke nan ba zai yiwu ya zama nasa ba.

Wanda ya fi kowa buga wannan nau'i shi ne ɗansa Kwanstantiyus na Biyu, wanda ya yi mulki daga 337 zuwa 361, kuma cikakken rubutun da ke fuskarsa D N CONSTANTIVS P F AVG ne. D N na nufin ubangidanmu, P F na nufin mai tsoron alloli mai sa'a, AVG kuma Agustus, laƙabin cikakken sarki. Akwai wasu da suka buga hoton mahayin, musamman Kwanstantiyus Galus, wanda ya riƙe muƙamin Kaisar daga 351 zuwa 354, da Juliyan, wanda ya riƙe shi daga 355 zuwa 360, to amma su biyun a matsayinsu na mataimaka ana zana su ne da kai babu ɗauri, kuma rubutunsu yana ƙarewa da NOB C ko NOB CAES. Tunda naka yana da ɗaurin lu'ulu'u, sun fita. Saura Kwanstans, ƙanen Kwanstantiyus, wanda sunansa ma da CONSTAN yake farawa, amma an kashe shi a 350, a lokacin da sulen yake babba mai nauyin kusan giram 5. An yi ta rage nauyinsa ne bayan haka har ya koma kusan rabi, don haka giram 2.4 a milimita 17 yana nuna tsakiyar shekarun 350, kuma Kwanstantiyus na Biyu kaɗai ya rage.

Kuskure na biyu ya fi ban sha'awa. Haruffan da ke ƙasan layi a bayan sule alamar gidan buga kuɗi ce, kuma kowane gida yana da sassa da dama, kowane sashe da harafinsa. A gabashin daular ana ƙirga sassan da haruffan Girkanci, A, B, Γ, Δ da sauransu, kuma a Kustantiniyya harafin yana zuwa ne bayan sunan gari, shi ya sa za ka ga CONSA ko CONSB. A yamma kuwa an fi ƙirgawa da haruffan Latin, P na farko, S na biyu, T na uku, Q na huɗu. Ka ce haruffanka huɗu ne kuma CON ne a ƙarshe, wato akwai harafi ɗaya a gaba. Wannan tsarin birnin Arles ne da ke kudancin Faransa ta yau, wanda aka sauya wa suna zuwa Constantina a shekarar 328, sunan ya koma na asali bayan 340, sannan aka maido da shi a 353. Ka sake duba harafin farko da haske daga gefe, ina kyautata zaton za ka ga P ko S ko T.

Zai yi maka amfani ka haddace sauran alamomin, domin ba su da yawa: SIS Siskiya ce, wadda yau ake kira Sisak a Kuroshiya, TR Trier a Jamus, LG ko LVG Liyon, AQ Akwiliya, TS ko TES Tasalonika, AN ko ANT Antakiya, ALE Iskandariyya ta Masar, K, N da H kuwa Kizikus, Nikomidiya da Hirakliya ne, sau da yawa da SM a gabansu, wanda ke nufin kuɗi mai tsarki. Landan ma ta buga nata da PLN ko PLON, amma an rufe gidan wajen 325, don haka idan wani ya nuna maka mahayin doki mai alamar Landan ka san akwai magana.

UwarTsaba

Malam SabonShiga, don Allah kada lemon tsami ko ruwan khal su kusanci sulallan nan. Ina faɗa maka ne a matsayin wadda ta yi, ta kuma yi nadama. A shekarata ta farko na jiƙa wani ƙaramin sule mai hoton kyarkeciya tana shayar da tagwaye, wanda yake da ɓawo kore mai duhu, sumul kamar an shafa masa mai, don kawai ina son ganin taurari biyun da ke saman kyarkeciyar sosai. Da safe na tarar da wani jan ƙarfe mai ramuka kamar fuskar da agana ta ci, taurarin sun tafi, tagwayen sun zama dunƙule guda. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne cewa a sulallan da suka daɗe a ƙasa sau da yawa zanen ba a cikin ƙarfen yake zaune ba, a cikin wannan ɓawon yake, saboda saman ƙarfen na asali ne ya rikiɗe a hankali ya zama ɓawon. Wanda ya cire shi ya cire sulen.

Dole ne mutum ya rarrabe abubuwa uku da ke kan tsohuwar tagulla. Akwai ƙasa da ta manne, ita ce kaɗai ake cirewa. Akwai ɓawon tsufa, wanda kan zo kore ko ruwan ƙasa ko baƙi, mai tauri ne kuma yana kare ƙarfen, wannan ba a taɓa shi. Sannan akwai cutar tagulla, wadda nake tsoron ita ce ta kama sulenka na uku. Alamarta ita ce daidai abin da ka kwatanta: gari kore mai haske, mai taushi, wanda tsinke ke iya kankarewa, kuma yana dawowa bayan an goge. Asalinta gishirin kulorin ne da ya shiga ƙarfen tun yana binne, wanda idan ya haɗu da laimar iska yakan haifar da asid ya ci gaba da cin sulen daga ciki.

Ka ware wannan sule daga sauran yau ɗin nan. Ka kankare garin da tsinken gora har sai ramin ya yi tsabta, sannan ka jiƙa shi a ruwan da aka tace ta hanyar turarawa, ba ruwan famfo ba, domin na famfo yakan zo da kulorin ɗin da muke gudu. Ka riƙa sauya ruwan kowane kwana biyu ko uku har tsawon makonni. Idan garin ya ƙi tsayawa, masu gyaran kayan tarihi suna amfani da sodiyam seskwikabonet mai rauni, amma yana iya sauya launin ɓawon, don haka ba shi ne matakin farko ba. Bayan jiƙon ka busar da shi sosai, ka ajiye shi a akwati mai murfi tare da ƙwayoyin silika masu tsotse laima, ka riƙa leƙa shi na wasu watanni kafin ka yarda cewa ya warke. Kada ka shafa masa kaki yana da sauran danshi, kuma ka guji aljihunan roba mai laushi ta PVC, domin su ma sukan saki kulorin idan sun tsufa.

Sauran biyun kuwa wannan ruwan da buroshin haƙori mai laushi sun ishe su, sai haƙuri. Wasu suna jiƙawa a man zaitun na watanni, kuma gaskiya yana sassauta ƙasa, amma yana baƙanta sule kuma da wuya ya fita daga cikin ƙananan ramuka, ni dai na daina.

ƊanLatin

Zan ɗauki na biyu da na uku. Malam, abin da ka karanta game da kambi mai tsinaye gaskiya ne, sai dai na wani zamani ne dabam. A tsarin da Agustus, sarkin daular na farko, ya kafa wajen shekarar 23 kafin miladiyya, sestertius da dupondius ana yin su ne da wani haɗin ƙarfe mai ruwan zinariya, as da quadrans kuma da jan ƙarfe zalla. As huɗu ke yin sestertius ɗaya, as biyu dupondius ɗaya, as 16 kuma denarius ɗaya na azurfa. Da yake dupondius da as kusan girmansu ɗaya, daga zamanin Nero aka fara sa wa sarki kambi mai tsinaye a kan dupondius domin a bambanta su. Amma dupondius yakan kai milimita 26 zuwa 29 da nauyin fiye da giram 10, kuma kusan kullum yana ɗauke da S C. Giram 2.9 ba zai taɓa zama shi ba.

Naka antoninianus ne, wanda Karakala ya ƙirƙiro a shekarar 215 a matsayin kuɗin azurfa, aka sa masa kambin domin nuna cewa darajarsa ninki biyu ce. A lokacin kusan rabinsa azurfa ne, amma yaƙe-yaƙe da ƙarancin kuɗi suka sa aka yi ta rage ta, har zuwa ƙarshen shekarun 260 abin da ya rage bai kai kashi 5 cikin 100 ba, sai ɗan rufin azurfa a sama wanda ke gogewa da wuri. Shi ya sa muke samun su yau a cikin ƙullin tagulla. Dabbar da ka gani ta sa nake ganin na Galiyenus ne, wanda ya yi sarauta daga 253 zuwa 268, domin a ƙarshen mulkinsa gidan buga kuɗi na birnin Rum ya fitar da jerin sulalla masu dabbobi, kowace dabba da abin bautar da take wakilta: barewa da gada na Dayana, damisa ta Liber, akuya ta Jupita. Rubutun naka zai zama DIANAE CONS AVG, kuma CONS a nan gajarta kalmar da ke nufin mai kiyaye sarki ce. Ba ruwanta da Kustantiniyya, wadda ba a ƙaddamar da ita ba sai 330, fiye da shekara 60 bayan an buga wannan sule. Ka nemi GALLIENVS AVG a fuskar.

Na uku kuwa as ne na Kalaudiyus, wanda ya yi mulki daga 41 zuwa 54, macen kuma Minerva ce, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Rumawa. S C gajarta senatus consulto ce, wato bisa hukuncin majalisar dattawa. Akwai abu ɗaya da ya kamata ka lura da shi: wannan nau'i yana cikin waɗanda aka fi kwaikwayo tun a wancan zamanin, musamman a Birtaniya bayan mamayar shekarar 43, inda sojoji suka rasa ƙananan kuɗin cefane. Kwaikwayon yakan zo da rashin nauyi da haruffa karkatattu, wani lokaci Minerva ta koma kamar zanen yara. Nauyin naka ya yi daidai da na hukuma, amma ko da na kwaikwayo ne ba jabu ba ne a ma'anarmu ta yau, domin shi ma ya yi yawo a hannun mutane kusan shekara 2000 da suka wuce.

Idan kana son lambar kowane sule, madogarar masu tarawa ita ce Roman Imperial Coinage, wanda ake taƙaitawa RIC, mai juzu'i 10, wanda Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara fitarwa a 1923. Mahayin dokinka yana juzu'i na 8. Ƙungiyar nazarin kuɗi ta Amurka ta ɗora nau'o'in a intanet ƙarƙashin sunan OCRE, inda za ka iya bincike da guntun rubutu kawai.

MaiHatimi

Na yarda da bayanin Malam ƊanLatin, sai dai ba zan yi saurin yanke hukunci kan na ukun da nauyi kaɗai ba, tunda sulen da ya side haka kuma cuta ta ci gefensa ya riga ya rasa wani abu, kuma akwai kwaikwayo masu kyau da suka kusa cika nauyi. Siffar haruffa ce za ta raba gardama, idan sun fito.

Game da jabu na zamani, ƙananan sulallan ƙarni na 3 da na 4 ba su cika jan hankalin masu yin sa ba saboda yawansu. Tulin da aka tono a Frome ta Ingila a 2010 kaɗai ya ƙunshi sulalla 52,503 na ƙarni na 3. Hatsarin yana wajen manyan sestertius. Rumawan zamanin sarakuna bugawa suke yi da guduma tsakanin hatimai biyu, mai jabu kuwa sau da yawa zubi yake yi, don haka ka duba gefen sule ko akwai layin haɗin mazubi ko alamar an goge shi da magagari, ka duba fili ko akwai ƙananan kumfa, ka kuma lura ko haruffan sun yi laushi kamar sabulun da ya jiƙa. Wata matsalar ita ce sule na gaske da aka sake sassaƙa wa gashi da haruffa da ƙarfe mai kaifi domin ya ƙara kyau. Kuma duk wanda ya tallata maka sestertius na Oto, wanda ya yi wata uku kacal a kan mulki a shekarar 69, ka wuce abinka, domin gidan buga kuɗi na birnin Rum bai buga masa tagulla ba.

Ka kuma saba da tambayar mai sayarwa inda sule ya fito, ka adana takardar tare da shi. Ƙasashe irin su Italiya, Girka, Turkiyya da Masar suna da dokoki masu tsauri kan fitar da kayan tarihi, kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ita ce ma'aunin da gidajen tarihi da yawa ke bi.

SabonShiga

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na haska fitila daga gefe kamar yadda Malam MaiHatimi ya ce, harafin farko S ne, wato SCON, sashe na biyu na Arles ke nan. Bayan kwana huɗu a ruwa ƙasar da ke fuskar na biyu ta saki, na ga LIENVS ƙarara, kuma a ƙarƙashin dabbar akwai wata alama da nake zaton ta sashen da ya buga ce, sai dai har yanzu rabinta a rufe yake.

Na uku yana cikin kofinsa shi kaɗai, Hajiya, kuma na sauya ruwan sau biyu. Da na kankare garin sai na ga ramin ya fi yadda na zata zurfi, ya kusa taɓa ƙasan harafin C. Tambayata yanzu ita ce, shin in ci gaba da kankarewa da tsinken a duk lokacin da na sauya ruwa, ko in bar jiƙon ya yi aikinsa har sai na ga ko garin zai sake fitowa?